Yadda makaranta za ta samo wa yaro mai lalura taimakon ƙwararru a nan Zariya

Akwai wani yaro da na koyar a aji uku, har yau in na tuna shi sai raina ya sosu. Zango biyu cur ina kiransa daƙiƙi, in na yi shifta sai ya kawo min littafi rabinsa fari fat, in na kira sunansa daga bakin allo sai na kira sau uku kafin ya ɗago, ni kuma na ɗauka raini ne, har bulala ya sha a hannuna, Allah ya yafe min. Ranar da na gane gaskiya na sunkuya ne zan duba aikinsa sai na ji wani wari daga kunnensa na hagu, ina dubawa na ga audugar da uwarsa ta cusa masa ta jiƙe sharkaf. Ashe kunnen ya fi shekara yana zubar da mugunya, ni kuma na ajiye shi a bencin ƙarshe jikin taga, kunnen da ke ji ɗin yana fuskantar titi inda masu Keke Napep ke ta danna hon tun safe. Toh wannan yaron shi ya sa na fara bin hanyoyin nan, kuma abin da na koya a kai shi nake son malamai 'yan uwana su ɗauka, musamman mu na ƙananan makarantu da Islamiyyu da ba mu da ko mutum ɗaya da ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman.

Kafin komai mu yarda cewa mu ba likitoci ba ne. Ba aikinka ba ne ka ce yaron nan otizim ne da shi, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, ko ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu, don ka ga wani bidiyo a waya. Naka shi ne ka lura, ka rubuta, ka kai wa wanda ya sani, sannan ka dawo da abin da ya faɗa cikin aji. Wannan na ƙarshen shi ne inda kusan kowa ke zubar da abin, zan dawo kansa.

Ka sami littafi guda, irin mai 40 lif ɗin nan ma ya isa, ka ware wa yaron. Sati uku zuwa huɗu kana rubuta abin da idonka ya gani da kwanan wata. Kar ka rubuta "ba ya ganewa" ko "yana da taurin kai", wannan hukunci ne, ba zai amfani likita da komai ba. Rubuta irin haka: ranar Talata na kira shi daga baya bai waiwayo ba amma da na tsaya gabansa ya amsa, ranar Laraba ya kwafi allo yana tsuke ido yana tashi yana matsowa, ranar Alhamis yana cikin karatu ya ƙame yana kallon wuri ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Wannan na ukun mutane da yawa ba su san yana iya zama wani nau'in farfaɗiya ba, wadda ba a faɗuwa ba a kumfa, yaro sai dai ya ɗauke wuta ya dawo, kuma yana iya yi sau da yawa a yini darasi na wuce shi. Ka tambayi malamin Islamiyyarsa ma, don sau tari za ka ji yaron da ya kasa kwafar allo a boko yana da haddar da ta fi ta kowa, wannan kaɗai ya nuna maka kai na aiki, wataƙila matsalar a ido take ko a karatu da rubutu kawai.

Akwai ɗan gwajin da za ka iya yi da kanka. Na ido, a samo takardar nan mai harafin E da ke fuskantar ɓangarori daban daban, a manna a bango inda haske yake, a auna mita 6, yaro ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da ya danna ba, ya riƙa nuna inda ƙafafun E ɗin suka dosa. Wanda ya kasa layin da aka rubuta 6/12 da kowane ido, a rubuta sunansa. Na kunne kuma ka tsaya bayansa kamar tsawon hannu, a toshe kunne ɗaya, ka yi raɗa da kalmomin da ya sani, ya maimaita. Wannan duk tankaɗe ne kawai, yana nuna maka wa za a fara kaiwa.

Sai maganar iyaye, kuma wallahi nan ne aikin yake. Kar ka kuskura ka aika yaro da saƙon baki wai ka ce wa babanka ya kai ka asibiti, kuma kar a yi maganar a taron PTA gaban jama'a. A kira uban ofis, ko in da hali malama mace ta shiga gidan ta gana da uwar, don uwa ita ta san tarihin. Ita za ta gaya miki ko an sha doguwar naƙuda, ko bai yi kuka ba da aka haife shi, ko ya yi shawara idonsa ya yi ɗorawa a satin farko, ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko zazzaɓi mai jijjiga, ko yana da sikila, da shekara nawa ya fara tafiya da magana. Duk waɗannan likita zai tambaya, kuma yawanci uban da ya raka yaron ba ya iya amsa rabi. Sanƙarau musamman, mu da muke yankin da yake zuwa lokacin zafi, yana barin yara da kurumta bayan sun warke, iyaye suna ta murna an tashi ba su lura ji ya tafi ba.

Da na kira baban yarona bai zo da daɗi ba. Yana zama ya ce, Malama me ya yi kuma? Na ce Malam bai yi komai ba, ni ce na yi kuskure a kansa, yaronka yana da ƙoƙari, kunnensa ne nake jin yana hana shi jin darasi, ina roƙon ka ba mu izini mu haɗu mu kai shi a duba. Ya yi shiru can ya ce ai kakarsa tana ɗiga masa magani. Ban ce masa maganin banza ne ba. Na ce Allah ya saka wa Hajiya da alheri, a ci gaba da addu'a da tofi, amma a bar ɗiga komai a kunnen har likita ya leƙa ya ga ko fatar dodon kunnen ta huje. In ka fara da zagin abin da gida suka yi imani da shi ka rasa su, kuma yaron ne zai kwana a ciki. Haka in sun ce iska ce ko shafar aljanu, ka ce toh a yi ruƙiyya a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Abin da ba zan taɓa yin shiru a kai ba shi ne a ce yaro ɗan ruwa ne, wannan maganar ta jawo wa yaran da ke da lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa wulaƙanci mai yawa, mutum ne ɗan mutum, kuma gashi, wato gasa jiki da motsa gaɓoɓi a asibiti, da horo suna taimaka masa sosai in an fara da wuri. In sun amince, su sa hannu ko dangwale a 'yar takarda cewa sun yarda makaranta ta rubuta bayanin ɗansu ta ba likita. Kuma kar hoton yaron ko sakamakonsa ya shiga guruf ɗin WhatsApp na malamai, sirrinsa ne.

Toh ina za a nufa? Mu a Zariya Allah ya rufa mana asiri, abin da wasu ke yin tafiyar yini su samu mu yana bayan gidanmu. A fara da na kusa, asibitin shan magani na unguwa ko babban asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, a nan za a duba a kuma ba da takardar turawa in abin ya fi ƙarfinsu. Babban wurin shi ne asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, gaba da Samaru, can akwai likitocin yara, da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da na ido, da na lafiyar ƙwaƙwalwa, da sashen gashi. Kowane kilinik da ranarsa, don haka a tambayi ranar tun kafin a ɗauko yaro daga cikin birni a sha kuɗin mota zuwa Kwangila zuwa Shika a ce a dawo wani satin. A yi sammako, a tafi da abinci da ruwa da katin rigakafinsa da duk wata tsohuwar takardar asibiti.

In ana buƙatar abin da ya wuce nan, Kaduna ce, tafiyar kamar kilomita 80. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana can, ita ce ta ƙware a gwajin ji da na'urar ji, Cibiyar Ido ta Ƙasa tana wajen Mando, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa, kuma dan Allah a cire wa iyaye tsoron sunan, ba sai mahaukaci ke zuwa ba, ana ganin yara masu farfaɗiya da masu jinkirin magana da waɗanda ba sa iya zama wuri ɗaya. Na ƙashi da takalmin gyaran ƙafa kuma asibitin Dala a Kano.

Kar a tura uba hannu rabbana. Hedimasta ya rubuta wasiƙa a takardar makaranta mai hatimi, shafi ɗaya ya isa, da Turanci tunda da shi ake aiki a can. A sa shekarun yaro da ajinsa, abin da aka lura da shi da tun yaushe, abin da yake iyawa da kyau, abin da aka gwada a aji bai yi ba, a haɗa da fotokwafin shafi biyu na littafinsa. Sannan a ƙasa a rubuta tambayoyi a bar fili likita ya cike da hannunsa. A ina ya kamata ya zauna a aji? Me zai iya yi, me za a hana shi? Maganin da aka ba shi yana sa barci? In abu ya taso a makaranta me za mu yi kafin a kai shi asibiti? Yaushe zai dawo? A sa lambar wayar makaranta. Likitan da ke da layin mutane a ƙofa ba zai zauna ya tsara maka rahoto ba, amma in ka ba shi tambaya biyar da fili zai cike a minti biyu. Na koyi wannan ne bayan wani zuwa da muka yi wani asibiti, muka yini, aka ga yaro, muka dawo da takardar magani kawai, washegari na shiga aji ban san abin da zan canza ba ko ɗaya. In da hali malamin ajin ya bi su ko sau ɗaya ne, hedimasta ya ɗauke masa darasin ranar.

Amma fa asibiti rabin aikin ne. Likita zai gaya maka yaro ya rasa ji kaza, ba zai koya maka yadda za ka koyar da kurma lissafi ba. Wannan sai malaman ilimi na musamman. Ga makarantun gwamnati hanyar ita ce ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari, daga nan zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, a Kaduna. A rubuta a takarda, a yi kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa a naka, kuma a tafi da shugaban SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, don maganar mai unguwa ko liman tana da nauyin da ta malami ba ta da shi. In ka shiga ka ce ranka ya daɗe muna da yara masu lalura a taimaka, za a ce maka toh za a duba. In ka ce muna da yara uku, ga sakamakon asibitinsu, muna neman malami mai iya maganar hannu ya riƙa zuwa sau ɗaya a sati, ka ba shi abin da zai iya rubutawa sama.

Kuma ba bara kake yi ba. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce mai nakasa yana da haƙƙin karatu kyauta har sakandare, kuma makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su. A 2020 aka kafa hukumar masu nakasa ta ƙasa, jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. A cikin kuɗin da UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, ke rabawa akwai kashi 2 cikin ɗari da aka ware wa ilimin masu buƙata ta musamman. Na san tsakanin abin da ke takarda da abin da ke ƙasa akwai tazara, amma wanda ya ambaci doka a wasiƙarsa ba a sallamarsa kamar wanda ya zo da a taimaka don Allah kawai.

Akwai wasu ƙofofin da mutane ba sa ƙwanƙwasawa. A tsangayar ilimi ta ABU akwai sashen nazarin halayyar ɗalibai da ba da shawara, ɗalibansu na digiri na biyu da na uku kullum suna neman makarantar da za su yi aiki, ka rubuta wa shugaban sashen, sai dai ka sa sharaɗi cewa duk wanda ya gwada yaranku zai bar muku sakamako a rubuce ya kuma zauna da malamin aji, ba ya cike fom ɗinsa ya tafi ba. Jami'ar Bayero da ta Jos suna da sashen ilimi na musamman, akwai kuma kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo da aka kafa don wannan fannin kaɗai, saboda haka in za ku ɗauki sabon malami ku tambaya ko akwai wanda ya fito daga can yana zaune ba aiki. Makarantar masu buƙata ta musamman ta Kaduna, wato KASSES, da ta Tudun Maliki a Kano sun daɗe suna koyar da kurame da makafi, ku tura malami ɗaya ya je ya zauna a bayan aji kwana biyu ya ga yadda ake yi, zai dawo da abin da ba zai samu a wakshop ba. Sannan su kansu masu lalurar, ƙungiyarsu ta JONAPWD da ƙungiyoyin kurame da makafi, babba kurma da ya yi karatu ya zo ya zauna da yaro da iyayensa yana canza zuciyar gida fiye da duk bayanin da za mu yi. A lura dai, maganar hannun da ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, ta bambanta da maganar bebaye da ake yi a gari, kar a raina wadda yaro ya zo da ita daga gida, a ɗora a kanta.

In kuna so ƙwararru su zo har makaranta, kar ku je ku kaɗai. Ku haɗu makarantu huɗu ko biyar na unguwa ɗaya ku rubuta wasiƙa guda, ku ce za ku tara yaran wuri ɗaya ku ba da aji da benci da ruwan sha. Ku kuma dace da lokaci, ranar 3 ga Maris ta ji ce, 2 ga Afrilu ta otizim, 13 ga Yuni ta zabiya, 19 ga Yuni ta sikila, Alhamis ta biyu a Oktoba ta gani, 3 ga Disamba ta masu nakasa. A irin waɗannan ranakun ne sassan asibiti da ƙungiyoyi ke neman inda za su fita gwaji kyauta, wanda wasiƙarsa ta riga zuwa da wata biyu shi ake tunawa.

Ku yi hattara da 'yan damfara don sun gane iyayen nan a matse suke. Duk wanda ya zo da kwalba ya ce tana warkar da otizim ko tana buɗe bakin bebe a sati biyu, ku raka shi bakin get. Gilashin kasuwa da na'urar ji ta kan tebur ba a saya wa yaro, sai an auna, na'urar da ba a saita ta da sakamakon gwajinsa ba tana iya ƙara lalata ɗan jin da ya rage. Wanda ya ce shi mai gashi ne ko mai koyar da magana ku nemi shaidar rajistarsa da MRTB, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan rajista, mai auna ido kuma da ODORBN, hukumar masu auna ido, na gaskiya ba ya jin haushin tambayar. Kuma ko wane ne kar a bar shi shi kaɗai da yaro a rufe ƙofa.

Kuɗi kam matsala ne, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne ɗan asusu a ƙarƙashin PTA na kuɗin mota da kati da gwaji, mutum biyu ke sa hannu, ana karanta lissafi duk zango ba tare da an ambaci sunan yaro ba. Tsofaffin ɗalibai da masu fitar da zakka sun fi sakin hannu in an nuna musu rasit. A kuma tambayi iyaye ko suna cikin inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA.

Yanzu ga takarda ta dawo. A zauna, hedimasta da malamin aji da uba ko uwa, minti talatin, a fitar da abu uku kacal da za a yi wannan zangon, a rubuta wa zai yi. Mai matsalar ji ya dawo gaba, kunnen mai lafiya na fuskantar malami, malami ya daina magana yana kallon allo. Zabiya a kusa da allo amma ba inda hasken taga ke dukan ido ba, a bar shi da hula da doguwar riga, a ɗauke masa tsayuwar asambuli a rana, a riƙa yi masa rubutu manya. Mai sikila a bar shi da gorar ruwa da fita bayi ba sai ya roƙa ba, ba bulala ba tsallen kwaɗo, lokacin hunturu ya sa rigar sanyi ko ba kalar yunifom ba ce, in kuma aka ga bakinsa ya karkace ko hannu ya saki to asibiti nan take. Mai farfaɗiya duk malamai har mai gadi su san in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, a kawar da benci, kar a cusa cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura ruwa, in ta wuce minti 5 a ɗauke shi zuwa asibiti, kuma a gaya wa 'yan aji ba a ɗauka ta yawu don su daina gudu. Wanda zai zana WAEC ko JAMB a sanar da lalurarsa tun wajen rajista, akwai tanadin rubutun makafi da ƙarin lokaci amma ba a ranar jarrabawa ake nema ba.

Bayan sati shida a sake buɗe littafin nan a ga me ya canza, abin da bai yi ba a rubuta a koma da shi ranar da likita ya ce a dawo. Yarona sai da aka yi wata da watanni ana wanke kunnen ana ɗiga maganin asibiti kafin ya bushe, jin hagun bai dawo duka ba amma na daman lafiya lau. Da zai wuce aji huɗu ban bari fayil ɗinsa ya kwana a kabad ɗin ofis ba, na ɗauka da hannuna na kai wa malamin da zai karɓe shi, muka shiga ajin tare tun kafin yara su dawo hutu, na nuna masa benci na biyu ta ɓangaren da kunnensa na dama zai fuskanci allo, muka rubuta sunansa da alli a jikin bencin.